Gefen Ƙarfi a Shafin Kunkuru

Aikin farko yau: share teburin yankan takarda, a ɗauke kofinsa.

Na share teburin. Kofin na nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokin aikina a maɗaba'a, wanda muke kira Alƙali, bayan jinyar kwana shida. Shekara goma sha ɗaya muna tebur ɗaya.

Alƙali, wasan dodanni na waya, wanda muke yi a hutun rana, shi ya jawo maka sunan nan. Duk wanda ya samu sabon dodo, kai yake kawo wa. Sai ka ɗauko littafin da ka ɗinka da ragowar takarda, ka ja layi a tsakiyar shafi: rauni gefe, ƙarfi gefe. Rauni kake fara cikewa. Ƙarfi kuwa ba ka rubutawa sai ka shiga karawa da dodon a jerinka an doke ka sau uku. Kakan ce, "Nasara ba ta koyar da komai, a ƙasa ake gane halin dodo."

Watan jiya na kawo maka nawa, Kunkuru. Na ce zan cire shi daga jerin dodannin da zan shiga gasar ma'aikata da su, wadda za a yi Asabar ɗin nan, don na gaji da dariya. Mai ɗinkin littattafai har cewa ya yi kafin Kunkuru ya ɗaga hannu an tashi daga aiki. Ka karɓi wayata, ka ce, "Ƙanena, kai ma haka ka zo mana, ba mu kore ka ba. Dakata in gama shafinsa."

Jiya maiɗakinka ta miƙo mini littafin. A shafin Kunkuru, gefen rauni cike: rashin sauri, rashin kauce wa hari, wuta na cinsa. Gefen ƙarfi fari fat. A ƙasa, alama biyu kawai: sau biyu aka doke ka.

Yau na yi na ukun a madadinka. An doke ni. Amma na lura sai da Kunkuru ya sha bugu tara kafin ya faɗi, abokin karawa ya ƙarar da manyan hare-harensa a kansa, dodon da ya biyo bayansa a jerina ya samu sarari. Ban sani ba ko abin da ka hango ke nan. Nakan yi kuskure, kai ke gyara mini. Shi ya sa na rubuta shi a gefen ƙarfi da fensir.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe rauninka, Ya cika maka gefen alheri. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka uku haƙuri, mu ma Ya sa mu cika da imani.

Gobe:
- Wasa wuƙar injin yanka.
- Kai wa iyalinsa kofin.
- Tambayar maiɗakinsa ko zan riƙe littafin zuwa Asabar.
- Sa Kunkuru a farkon jeri.