Wanda Ya Kafa Gora Shi Ke Tsayawa a Ƙarƙashi

Tun ɗana na fari bai fara gemu ba nake dafa wa magina abinci. Duk inda kamfanin ginin da nake bi ya sami kwangila a Kumasi, can nake kai tukunyar shinkafa da wake, in kafa rumfa kusa da tarin yashi, in ajiye benci biyu. Ɗaya na leburori, ɗaya na shugabanninsu, waɗanda ake ce wa masta. Su uku ne. Akwai mastan magina, wani dattijo Ba'asante da kowa ke kira Wofa, wato kawu. Akwai mastan masu lanƙwasa rodi, Badagombe mai yawan dariya. Na ukun shi ne mastan kafintoci, ɗan nawa. Ban iya karatu ba, amma kwanon mutum nake dubawa. Abin da ya rage a ciki yana gaya mini abin da bakinsa ya ɓoye.

Akwai wata al'ada a aikinsu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. In za a zuba deki, wato rufin kankare da zai zama ƙasan bene, kafintoci ke shimfiɗa katako, su tokare shi daga ƙasa da gora, tsaye birjik kamar kurmi. Ranar zubi, mastan kafintoci sai ya shiga ƙarƙashi ya tsaya, hannunsa a kan gora, yana saurare har a juye kwanon kankare na ƙarshe. In wata gora ta yi kuka, ya ɗaga murya a dakata. Leburori ba sa hawa sai sun ga ya shiga. Ban taɓa son wannan abu ba. Na jure ne kawai don na san kowace gora ɗana ne ya zaɓa, kuma yaransa 'yan unguwarmu Zango ne, har gidajen iyayensu ya je ya roƙo su.

Sai mai kamfanin ya tsufa ya miƙa wa ɗansa. Aiki ya buɗe. Gidan kwanan ɗalibai a Ayigya, shaguna a Adum, wani gini kuma a hanyar Tafo, duk lokaci ɗaya. Aka rushe ƙungiyoyin aka cuɗa su. Babu sauran "yarana". Kowace safiya saƙo ke shigowa waya ya ce wane ya tafi can, wane ya zo nan, masta kuma ya hau babur yana zaga wurare uku. Aka raba hular kwano da takalma da riga mai ƙyalli, aka ce albashi ya koma wata-wata, har da katin asibiti.

A kan bencina suka riƙa tattauna abin. Mai rodi murna yake. Ya ce ya gaji da zaman gida duk lokacin da damina ta kama, yanzu ko ana ruwa ko ba a yi, 'ya'yansa za su ci. Yakan tsokani Wofa, ya ce tsoho ne kawai yake kishin waya don ba ya ganin rubutunta sai ya miƙe hannu har Adum. Wofa ba ya dariya. Ya ce a da in ya dubi bango ya san hannun da ya gina shi, har ya san ko mutumin ya yi faɗa da matarsa da safe. Yanzu bango ba shi da uba. Ya ƙara da wata magana da ta zauna mini a ƙirji: kwano-kwano da ake ɗauka a kai yana ba gora lokacin kuka, amma sabuwar motar da ke tura kankare ta bututu, kafin gora ta buɗe baki nauyi ya sauka.

Ɗana kuwa ya fara barin ganda a kwano, shi da tun yana yaro yake satar ta daga tukunya.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ya shigo gida ya zauna a bakin ƙofata, ya ce jibi za a zuba dekin farko na sabon ɓangare a Ayigya. Na san ya fi mako yana Adum, sai na tambaye shi wa ya kafa gorar. Ya ce wasu sababbi ne ofis ya turo, ko sunayensu bai riƙe ba. Na tambaye shi ko zai shiga ƙarƙashi. Ya ce in bai shiga ba leburori ba za su hau ba, motar za ta tsaya, ofis kuma dama ana raɗe-raɗin tsofaffin mastoci su ne ke ja wa kamfani baya. Ban da wannan, a Zango za a ce ga masta da ya ji tsoron dekinsa. Na ce ai ba dekinsa ba ne.

"Mma, sunana ne a takarda," in ji shi.

Duk makon nan ruwa ake yi. Na san filin, wuri ne da aka cike da jar ƙasa, in ka taka sai ta riƙe takalminka.

Ranar Asabar na shiga motar haya, trotro, da tukunyata kamar kullum. Da na isa ban nufi rumfa ba. Na ɗauki kujerata 'yar tsugune, na ratsa gorar nan har tsakiya, na zauna. Kada wani ya ce ƙarfin zuciya ne. Ruwa na ɗiga daga katako a kan mayafina, wurin na warin jiƙaƙƙen itace, a sama ina jin takun mutane a kan rodi, kowane taku kamar a tsakar kaina. Duk addu'ar da na sani na karanta, wata ma na manta ƙarshenta.

Injiniyar wurin ce ta fara zuwa, wata budurwa mai ladabi da ofis ya ɗauka. Ta durƙusa ta roƙe ni da harshen Twi in fito. Na ce mata inuwar nan ta yi mini daɗi. Mai rodi ya leƙo, yau babu dariya, ya ce wai so nake a kore su gaba ɗaya. Sannan ɗana ya shigo, fuskarsa kamar an watsa masa toka.

"Mma, don Allah ki fito. Mutane na kallo."

"Su kalla. Ka taɓa kowace gora da hannunka, kamar yadda ka saba, sannan in fito."

Ya ce babu lokaci, ga mota ta iso. Gaskiya ne, ina jin ta a bakin ƙofa, cikinta na juyawa, kuma kowa ya san kankare ba ya jiran mutum. A nan ne Wofa ya cire hularsa ya zauna a kan bulo. Maginansa suka dube shi, suka zauna su ma.

Ɗana ya zaro guduma daga ƙugunsa. Ya fara daga gefen ƙofa, yana buga kowace gora sau ɗaya, ya girgiza ta. Gorar da ta ɗauki nauyi ba ta amsawa da yawa. Na zauna ina bin sa da ido layi bayan layi, ina jin tsoron ya sami wani abu, ina kuma jin tsoron kada ya samu in zama tsohuwar da ta kunyata ɗanta a banza. Ya kusa gamawa, can kusurwar da za a yi matakala, sai na ji sautin ya sake. Ya buga ta gaba, haka. Jeri guda, maimakon a ɗora su a kan katako mai faɗi, a kan gutsattsarin bulo aka ɗora su, bulon kuma ya nitse cikin laka. Injiniyar ta shigo da kanta, ta sa ƙafa ta tura ɗaya, gorar ta kauce. Ba ta dubi kowa ba. Ta fita ta yi waya, aka juya motar zuwa Adum.

Sai a lokacin na ɗauki kujerata na fito.

Litinin aka zuba, bayan sun gyara. Ya shiga ya tsaya a ƙarƙashi, ni kuma ina rumfa, na bar shinkafa ta kama a gindin tukunya, abin da ban taɓa yi ba. Ko da dekin zai faɗi ranar Asabar ɗin, Allah ne masani. Mai rodi har yau cewa yake ba zai faɗi ba.

Bayan haka ofis ya kafa doka. Babu mai shiga ƙarƙashi ranar zubi, igiya ake zagayawa da ita. Ana gobe zubi masta da injiniya za su duba tare, su sa hannu a takarda. Mai rodi ya ce ci gaba ke nan. Wofa ya ce mai sa hannu ya fi mai tsayawa saurin ƙarya. Ɗana ya yi makonni ba ya zama a bencina, don leburori sun sa masa suna, wanda uwarsa ta riƙe masa gora, kuma yana ganin an ƙwace masa abin da ya sa ake kiransa masta.

Mata a unguwa suna ce mini in gode Allah, ɗana ya fita daga ƙarƙashi. Na gode. Amma wuraren sun zama huɗu yanzu, babur ɗin ɗaya ne, waɗanda ke tsaye a saman dekin kuma 'ya'yan wasu mata ne. Takardar da yake sa wa hannu ban san abin da ke cikinta ba. Shi ya sa duk ranar da ake gobe zubi, in ya zo cin abinci, ba na miƙa masa kwano sai ya buɗe mini tafin hannunsa na ga ƙaiƙayin gora a ciki. Sau biyu na ga hannun fes, na mayar da murfin tukunya, ya hau babur ya koma ya duba gorar.