Gammo Huɗu Ƙarƙashin Kujera

Ran nan mu huɗu ne a tsakar gida bayan la'asar: ni, da babban ɗana, da matar ƙanensa mai jego, sai jikana, ɗan babban, wanda saboda shi aka taru. Yana jingine da bango, kai a ƙasa.

Jikan nan nawa ya gama karatu, ya tafi Kano neman aiki, ya dawo Kazaure hannu rabbana. Tun daga nan ya shige ɗakin da ke manne da nawa. Ya samo kujerar tsohuwar mota wajen masu gyara, ya kafa ta kan katako, ya ɗaura mata wasu ƙarafa biyu masu kama da murfin tukunya a ƙarƙashi. In ya zauna yana tuƙin motar ƙarya a talabijin, sai kujerar ta riƙa karkarwa kamar da gaske kan titi yake. Ƙara ba ta fita, don abin jin a kunnensa yake. Amma ƙasa tana ɗauka. Ruwan randata ya yi ta rawa, kwanukan jerena su yi ta ƙas-ƙas, jaririyar mai jego ta firgita ta ƙi barci.

Ya gwada sa katifa a ƙarƙashi, kujerar ta nutse. Ya gwada tsohuwar taya, ba ta hana ba.

Ubansa ya ce, "Ko a daina girgiza mana gida, ko in farfasa katakon nan mata su hura wuta."

Mai jego ta ce, "Yaya, ni ba faɗa nake nema ba. Yarinyar ce ko nono ba ta kamawa."

Yaron bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, in kujerar nan ta fita, na fita."

Na dubi idonsa, na san ba barazana ba ce. Na ga samarin unguwarmu da suka bi ta Babura suka tsallaka iyaka, iyayensu har yau suna zaune da waya a hannu. Na ce, "Kowa ya yi shiru. Ba mai fasa komai."

A ƙauyenmu na Roni, in da marar lafiya a gida, ba a fasa daka, gammo ake sa wa turmi. Na ɗauko tsofaffin zannuwana na yayyaga, na naɗa gammo huɗu masu tauri. Na shiga ɗakinsa na ce, "Angona, ɗaga mini kishiyar tawa in yi mata takalmi."

Da a da ne, da ya ce, "Tsohuwa, wa zai kwashe ki ban da ni?" Ranar kuwa ɗagawa kawai ya yi. Na cusa gammo ƙarƙashin kowace kusurwa, na sa ya janye katakon daga jikin bango. Ya zauna ya kunna. Na koma na leƙa randa. Ruwa a kwance.

Jaririya ta yi barci. Mai jego ta aiko mini da kunun kanwa. Ubansa ya ce, "Inna, Allah ya ƙara girma." Kowa ya huta.

Ni ce ban huta ba. Ashe karkarwar nan ita kaɗai ce maganar da yaron yake yi da ni. Da ita nake sanin ya tashi. In ta yanke, na san ya miƙe salla ko ya jawo kwanon tuwo. In ta yi tsanani, na san ransa a ɓace yake. Yanzu bangon ya zama bango. Har magariba ina ɗora tafin hannu a kai, ba komai sai sanyin siminti. Na tsare shi a gida, amma ko da ya tsallaka iyakar, shirun ba zai fi haka ba.

Washegari na kai masa koko. Yana kwance, fuska a bango, ko barci yake ko ba ya son magana, Allah masani. Na durƙusa a hankali na zare gammo ɗaya, na wajen ɗakina, na ɓoye a zane. Na koma na zauna, na jingina baya da bangon, ina kallon ruwan randa.