Shafukan da Muka Liƙe da Ƙullun Kisra

Duk sanda na ji tsamin ƙullun kisra, wato gurasarmu ta dawa, ajinmu na ƙauye kusa da Abu Na'ama nake tunawa. Kada ka ce yunwa ce, bari ka ji.

Kawuna shi ne malaminmu na tarihi. Wata shekara da kaka, ana cikin yankan riɗi, umarni ya zo daga hukuma cewa a liƙe wasu shafuka a tsakiyar littafinmu, kada yaro ya karanta. Malamin da aka samu ɗalibinsa ya san abin da ke ciki, aikinsa ya tafi, wataƙila shi ma a tafi da shi. Gam kuwa babu a garin. Sai Kawu ya roƙi Kaka ta dama mana ƙullun dawa, muka zauna ƙarƙashin dalbejiya muna shafawa da yatsa. Ajinmu ya yi mako yana wari kamar madafa, ƙudajen jihar Sennar kaf suka dawo karatu wurinmu.

Ni da littafi a da sai dai in kare rana da shi. Amma tunda aka ce kada a karanta, sai na ji duk duniya ba abin da nake so kamarsa. Na kai nawa bakin butar shayin Kaka, tururi ya buɗe shi. Labari ne na wata shekara da mutane suka cika tituna har mai mulki ya sauka. Na haddace shi tas.

Kaka ta kama ni. “Angona, mi kaka dafawa, shayi ko takarda?”

Na karanta mata. Sai ta ce, “An yi hakan. Amma in ka buɗe baki a madarasa, ɗana za ka kai kurkuku. Sai in sake ka, in auri ƙanenka.”

Ba a daɗe ba mai duba makarantu ya zo, da tumbinsa da ya riga shi shiga aji. Ya latsa littattafanmu ɗaya bayan ɗaya, ya sunsuna nawa, don na sake liƙe shi ɗanye. Sai ya yi murmushi, ya ciro sabon alƙalami, ya ce na wanda ya faɗi abin da ke cikin shafukan nan ne.

Ka gane halin da nake ciki: karon farko a rayuwata na san amsa. Hannuna ya fara tashi da kansa, sai da na zauna a kai. Kawu yana jikin allo, ya zuba mini ido.

Mai dubawa ya nuno ni. “Kai yaro, ya walad, na ga kana motsi.”

“Fitsari nake ji, ustaz.”

Aji ya fashe da dariya. Mutumin ya mayar da alƙalaminsa aljihu, ya ce bai taɓa ganin daƙiƙan yara irinmu ba, ya yaba wa Kawu, ya tafi. Kawu ya ci gaba da darasinsa. Da yamma dai ya tura mini tsokar da ke cikin miyarsa.

Yanzu an buga sabon littafi, ba a liƙe komai. An cire labarin ne gaba ɗaya, lambobin shafi suna bin juna lafiya lau. Ƙanwata tana karanta nata daga bango zuwa bango, tana ganin ta gama. Mu aƙalla yatsa yana jin kaurin wurin, mun san akwai abin da aka hana mu.