Tsohon da aka turo ya bincike ni

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikaci a Gusau, wani tsoho ya yi kwana da kwanaki yana bin sawuna, ni kuma na yi ta lallashin kaina cewa babu shi.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Tun ina yaro a Tsafe ba kamar sauran yara nake ba. Ba na iya kallon mutum cikin ido. Idan na zauna, jikina kan riƙa kaɗawa gaba da baya ban ma sani ba. Ƙara kuwa, irin ta injin niƙa ko hon ɗin mota, ji nake tana shiga mini har cikin haƙora. Sai can daga baya wata likita ta ce sunan abin otizim, wanda ake ce wa galahanga a rediyo. A lokacin ba shi da suna, don haka kowa ya raɗa masa nasa. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce miskilanci, wasu kuma su yi ƙasa da murya su ce mutanen ɓoye ne. Rubutun da mahaifiyata ta ba ni na sha, da tawadar taruwa take a ciki da tuni na buɗe makarantar allo.

Sunayen ba su dame ni kamar idanu ba. In na shiga kasuwa ko masallaci ko wurin suna, sai in ji kowa ya bar abin da yake yi yana kallona, yana auna yadda nake tafiya da yadda nake riƙe hannuwana. Inna ta gaji da ƙorafina, sai ta samo mini magani. Ta ce, "Kowa da abin da yad dame shi, ɗan nan. Babu mai kallonka, zuciyarka ce." Na riƙe maganar nan kamar addu'a. Da ita na gama makaranta, da ita na kama aiki a Gusau, inda muka kama ɗaki ni da wani abokina na tun firamare.

Gusau ta wancan lokacin ta yi mini daɗi, don na tsara ta yadda nake so. Hanya ɗaya nake bi zuwa ofis. Mai shayi ɗaya nake zuwa, a ƙarshen benci nake zama. A masallaci ma wurina ɗaya, ƙarshen sahu jikin bango. A cikin wannan tsari ne na haɗu da wadda ta zama matata. Ƙawar ƙanwata ce, 'yar Nahuce ta ƙasar Bunguɗu, tana zaune wurin gwaggonta a Gusau tana karatu. In na je zance ita ce mai maganar, ni kuwa ina kallon takalmana ina cewa haka ne. Ban san abin da ta gani ba, amma ta ce in fito. Aka kai maganar gidansu, suka ce a ba su lokaci.

Ni ban san me "a ba mu lokaci" ke nufi ba. Na ɗauka lokaci kawai suke so.

Ba a jima ba na fara ganin tsohon. Dogo ne siriri, da farar riga wadda ta sha wanki, da rawani ɗan ƙarami a kafaɗa. Na fara ganinsa a masallaci, sahu ɗaya bayana. Washegari ga shi wurin mai shayi, ya sa kofi a gaba bai sha ba. Da na tashi daga aiki, ga shi ƙarƙashin bishiya tsallaken titi. Duk inda na juya idonsa na kaina. Na ce wa kaina babu mai kallonka, zuciyarka ce. Har na gaya wa abokina, ya yi dariya ya ce na fara ke nan. Haka na ci gaba da harkokina yadda na saba, ina kaɗawa a kan bencina, ina toshe kunne in mun zo wucewa ta wajen masu niƙa, ina gaida mutane gaisuwata gajera in wuce.

Wata rana da yamma abokina ya shigo ɗaki ko takalmi bai cire ba. Ya ce mai shayi ya tsegunta masa cewa tsohon nan ya yi ta tambaya a kaina, ya je wurin liman, ya je wurin mai gidan da muke haya. Kawun yarinyar ne, daga Nahuce aka turo shi bincike. Ku da kuka san al'adarmu kun san ba a ba da 'ya sai an aiko wani babba ya duba manemi a ɓoye, ya ga sallarsa da abokansa da halinsa. Abin da ya koma ya faɗa, a kansa ake yanke magana.

Duk tsawon rayuwata ina jin ana kallona ana yanke mini hukunci, ga shi yau abin ya tabbata, kuma aurena ne a hannun mai kallon. Na zauna ina lissafa abubuwan da ya riga ya gani, kowanne na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Abokina mutum ne mai son gyara, Allah ya saka masa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, gobe za mu nuna mashi kai ma mutum na kamar kowa." Ya zaunar da ni ya koya mini. In riƙa kallon mutane cikin ido. In riƙe hannu har a gama gaisuwa, in kuma ja ta da tsawo. In aka yi magana a majalisa in yi dariya. Kada in kaɗa, kada in taɓa kunnena. Har gwaji muka yi, shi ne dattijo ni ne ni.

Washegari bayan azahar ya ja ni majalisarsu ta bakin kasuwa, wurin da ban taɓa yarda na zauna ba, don ga masu niƙa ga 'yan kabu-kabu. Tsohon ya biyo mu, ya samu gefen benci ya zauna kamar mai jiran wani. Ni kuwa na fara aiki. Na kama hannun wani bawan Allah na tambaye shi gida da iyali da gajiya da aiki da damina, da na ƙare na sake ɗaukowa daga farko, har sai da ya zare hannunsa da ƙarfi. Sannan na tuna da maganar ido. Abokina ya manta bai ce mini ban da manya ba. Na juya na kafe tsohon nan da ido, na zare idanuna iya ƙarfina, ko ƙiftawa ba na yi. Ana cikin haka wani ya faɗi wata magana, na ga bakuna sun motsa, na ce to lokacin dariya ya yi, na ƙyalƙyale. Ashe mutumin cewa ya yi sansa na noma ya mutu.

Wurin ya yi tsit, ban da injin niƙa. Yanzu kam ba zuciyata ba ce, kowa ni yake kallo. Ƙarar ta taso mini gaba ɗaya, numfashina ya riƙa sarƙewa. Na toshe kunnuwana da hannu biyu na tashi da gudu, da babbar rigata da komai. Ban tsaya ba sai bayan masallacinmu, inda ake ajiye butoci. Na zauna a ƙasa na haɗa kai da gwiwa ina kaɗawa, na san na rasa ta.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji mutum ya zo ya zauna gefena, bai matso sosai ba. Tsohon ne. Bai kalle ni ba, bangon da ke gabanmu ya sa wa ido, ya jira har sai da numfashina ya dawo daidai.

Ya ce, "Yaro, ka san ko ni wa na?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"To, bai kamata in yi magana da kai ba, ba haka aka bincike ba. Amma ka ɓata min aiki. Jiya nig gama shawara, za ni koma gida in ce a ba ka. Nic ce bari in ƙara kallo guda. Sai ga ka kana zare min ido, kana dariyar mutuwar sa. Hwaɗa min gaskiya tsakaninka da Allah, ƙwaya kaka sha?"

Da ba a cikin tashin hankali nake ba da na yi dariya, ta gaskiya wannan karon. Na ce masa ko sigari ban taɓa sha ba. Na gaya masa wanda ya gani yau koya mini shi aka yi jiya. Wanda ya gani sauran kwanakin, mai kaɗawa, mai toshe kunne, mai kallon ƙasa, shi ne ni, kuma haka nake tun ina yaro, ban san ranar da zan daina ba.

Ya daɗe yana jan gemunsa. Ya ce, "In abin yat taso ma, kana bugun mutum?"

"A'a, Baba."

"Zagi hwa?"

"A'a. Shiru kawai nake nema, sai ya wuce."

"Ita ɗiyar ta sani?"

Na ce ta sani, ya taɓa taso mini a gabanta a zauren gwaggonta. Ya tambaye ni me ta ce. Na ce ba ta ce komai ba, tashi ta yi ta kashe rediyo ta dawo ta zauna.

Ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "Amana anka ba ni. Za ni hwaɗi abin da nig gani duka, na jiya da na yau, ban rage ko guda." Ya sa takalmansa ya tafi, ko sallama mai daɗi bai yi mini ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Abokina ya riƙa sayo mini tsire yana ajiyewa. Inna ta kama azumi a Tsafe. Ni kuwa ko hanyar gidan gwaggon ban ƙara bi ba, don ban san da wace fuska zan je ba. Sai ga saƙo wata Juma'a, wai a turo magabata.

Bayan aure ne matata ta ba ni labarin yadda aka yi a zaurensu. Kawu ya faɗi komai kamar yadda ya ce, har gudun da na yi. Wasu suka ce a haƙura, ba a ba da 'ya ga mai lalura. Ya ce musu lalura kam akwai ta, shi bai san sunanta ba. Amma yaron sallah ba ta wuce shi, ba shi da abokin banza sai guda ɗaya mai yawan dabara, kuma bai iya ƙarya ba, don ranar da ya gwada sai da ta kai shi ƙasa. Aka kira ta aka tambaye ta, ta ce ta ji ta gani.

An ɗaura auren bayan kaka, lokacin da za ka hau babur daga Gusau zuwa Nahuce da yamma ba ka tunanin komai sai ramin hanya. Gari ya cika da ƙamshin sabon gero, ga hoce, wato wainar dawa, ga fura a ƙwarya. Ana shafa fatiha sanƙira mai shela ya ɗaga murya, jama'a suka yo kaina da hannuwa, kowa na son ya ga angon da aka yi ta magana a kansa. Na fara jin abin yana tasowa. Sai na ji an kama gefen rigata. Kawu ne. Ya ja ni ta wata ƙofa ya kai ni bayan rumbunsa, inda ya riga ya shimfiɗa tabarma ya ajiye buta da ƙwaryar fura. Ya ce in zauna, wakilina ya isa ya karɓi gaisuwa.

Ina zaune ina jin su ta bayan danga. Wani ya ce, "Wanga wane irin ango na, da ba a ganinai?" Kawu ya ce, "Irin wanda niz zaɓa. Na kalle shi kallon da ya ishi garin ga duka, ku ku huta."

Har yau in na shiga taro ina jin idanu, kuma na daina ce wa kaina babu su. Akwai su. Abin da na gane shi ne, masu sa ni jin ciwo kallo ɗaya suke yi su yanke hukunci su wuce. Mutumin da ya fi kowa kallona a duniya, wanda aka turo musamman ya nemo aibina, shi ne bai wulaƙanta ni ba, don shi ya tsaya ya kalla har ƙarshe. Ina kewarsa ƙwarai, ina kewar zamanin da hanyar garinsu ba ta da fargaba.

Ya rasu shekarun baya kaɗan. Da muka je ta'aziyya ƙofar gida cike take da mutane, na tsaya daga nesa ina tunanin yadda zan ratsa su. Wani ɗansa ya zo ya yi mini nuni da ƙofar gefe. Na shiga na tarar an shimfiɗa tabarma a bayan rumbun. Ban tambayi wanda ya sa a shimfiɗa ba. Na zauna na yi kukana ina kaɗawa, babu wanda ya leƙo.