Sau Uku a Rana, Bayan Cin Abinci

Shekarar da soja suka koma bariki ina masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma a Wudil. Farar hula na karɓar mulki suka ce za a tantance ma'aikata a kori na bogi. Kowa zai tsaya gaban kwamiti a gwada fuskarsa da hoton da ke cikin fayil ɗinsa.

Da yake ni ke ɗaukar fayil-fayil, sai na leƙa nawa. Wani saurayi na gani, mai manyan kumatu, ba gemu. Na dubi madubi, na dubi hoto. Wallahi ko ni aka sa a kwamitin, korar kaina zan yi. Ga iyali, ga ba gona.

Tun ranar ƙirjina yake dukan tara-tara. Na je wurin malamin asibiti, wani dattijo mai barkwanci. Ya auna ni ya ce, "Malam, lafiyarka lau, tsoro ne. Ja numfashi ta hanci, ka ƙirga huɗu. Riƙe. To sake shi ta baki a hankali. Yi goma."

Na yi, na kuwa ji sanyi har tafin ƙafa.

Na ce, "Sau nawa a rana?"

"Duk sanda ka ji tsoron."

"A'a, a dai faɗa mini ƙa'ida, kada in zarce."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yagi takarda ya rubuta: sau uku a rana, bayan cin abinci.

"Da ruwa ko da koko?"

"Tashi ka ba ni wuri!"

Na riƙe ƙa'idar nan gam. Ina wanke hannu sai in miƙe ƙafa a tabarma in fara. Maiɗakina ta ce, "Malam, wai wanda kake yi tun da aka haife ka, shi ba numfashi ba ne?" Na ce wancan na gida ne, wannan na asibiti.

Ranar tantancewa na hau keke da sassafe don in kama layi, ko koko ban kurɓa ba. Layi ya fara matsawa. Na ja numfashi, na kai uku a ƙirga, sai na tuna ban karya ba. Magani ba komai a ciki! Na yi maza na furzar da shi. Na roƙi direban da ke bayana ya riƙe mini wuri, na ruga bakin ƙofa wurin mai ƙosai. Tana tsamowa daga mai na ji an kira sunana. Na cusa biyu a baki na koma da gudu.

Shugaban kwamitin wani dillalin shanu ne daga Darki da siyasa ta ɗauko, yana ta gumi cikin babbar riga. Ya ɗaga hoton ya ce, "Kai ne wannan?"

Ƙosai ya ƙi haɗiyuwa don zafi. Amma dai abinci ya shiga baki, na ce a raina ƙa'ida ta cika. Na ɗaga masa yatsa, na rufe ido, na ja ta hanci har yana fito. Na riƙe, kumatuna suka yi tim.

Akawun da ke gefensa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a kawo ruwa? Mutumin nan shiɗewa zai yi."

"Dakata," in ji shugaban. Na ji takarda ta matso kusa da kunnena. "Ai shi ne! Ga kumatun nan, ko a kasuwar shanu ba na kuskuren dabba. Sa masa hannu. Malam, tashi."

Ban tashi ba, don saura tara. Haka suka zauna suna saurarona har na cika goma.

Aiki dai ya tsira, amma raina bai kwanta ba. Washegari na tare shugaban a gindin motarsa na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kumatun jiya ba nawa ba ne, na ƙosai ne."

"Hoton fa, na wa ne?"

"Nawa ne."

"To me kake so in yi, in kori ƙosan?"

Na yi shekara goma sha ɗaya a ofishin bayan nan. Har yau ina numfashina, kuma yana yi mini magani. Abin da ban samu wanda ya warware mini ba shi ne ko ƙosai biyu sun isa a kira su cin abinci.