Ƙyalli da Motar Surukinsa

Ƙyalli ake ce masa, amma ba don fuskarsa ba, wannan kam sai haƙuri. Sana'arsa gyaran wilin mota na alminiyon, irin wanda ruwa da laka suka ci har ya yi fari-fari kamar mai ƙyasbi. A rumfarsa ta bayan gareji yake kankare tsohon fenti, ya bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, ya goge har mutum ya ga haƙoransa a ciki.

Surukinsa bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. "Mijin 'yata mai wankin ƙafar mota," haka yake gabatar da shi a taro. Da abin ya ishi Ƙyalli, sai ya roƙi tsohon ya ba shi akwalar motarsa. Ya zauna ya murje wilin nan huɗu, suka fito kamar madubi.

Ba a yi nisa ba, tsohon ya shiga kasuwa, ya fito ya tarar da motar zaune a kan bulo, babu ƙafa ko ɗaya. Ya iso rumfar yana huci.

"Ka ga abin da ka jawo mini?"

Ƙyalli ya durƙusa. "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Amma tun da nake, ban taɓa jin ɓarawo ya kalli motar nan ba sai yau."

A ranar, matar Ƙyalli ta hana shi abinci. Shi kuwa ya je ya ɗauki hoton motar a kan bulo, ya manna a ƙofar rumfa, masu motoci suka yi ta zuwa.