Cikon Rigar Auta

Ni tela ce, shekara ashirin da biyu ina kan keke, kuma a duk masu kawo mini ɗinki babu wadda ta sha mini kai kamar ƙanwata Auta. A shagon tabarau take aiki. Ita ce wadda in an gama yanka maka gilashi za ta ɗora maka a hanci, ta ja da baya, ta kanne ido ɗaya, ta cire ta lanƙwasa, ta sake ɗorawa, har sai ya zauna daram. Aikin ya biyo ta gida. In ta shigo ɗakinki ta ga kalanda a karkace, ba za ta amsa gaisuwa ba sai ta gyara. Ta taɓa dawo mini da riga wai hannun hagu ya ɗara na dama da faɗin farce. Na auna, gaskiyarta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

To irin wannan mutuniyar Allah ya ba wa ɗa mai zaɓe. Ɗanta na fari tun da ya zo duniya nonon dama kawai ya sani. A kai shi hagu sai ya sandare ya kau da kai kamar an ba shi magani. Wata goma sha takwas ana abu ɗaya. Da aka yaye shi, na dama ya ƙi komawa yadda yake, na hagu kuwa ya koma har ya zarce. Wannan karon ba maganar faɗin farce ba ce.

Wurina ta zo, ta turo ƙofar shago, ta ce in yi mata dabara. Na yanko soso, na naɗe shi da yadi mai laushi, na ɗinka mata ciko mai maɓalli biyu da za ta riƙa maƙalawa cikin riga ta hagu. Sau huɗu tana dawo da shi gyara. A haka ta yi shekara, har ranar da ta sunkuya a wurin aiki cikon ya sulluɓo ya faɗi kan tebur. Wani dattijo da ya zo karɓar tabarau ya ɗauka ya goge gilashinsa tas, ya ce wannan ya fi ƙyallen da suka saba bayarwa, ko akwai wani?

A satin ta je ganin likita. Mijinta mai gyaran firji, bawan Allah, ya ce shi fa bai taɓa ganin wani bambanci ba. Washegari ta kawo masa tabarau.

Likitar ta ce za a iya rage na dama ya daidaita da ɗan'uwansa, amma ta faɗa mata ƙiri-ƙiri, a gabana, cewa aikin yakan taɓa hanyoyin da nono ke bi, in ta sake haihuwa wataƙila wannan ɓangaren ba zai kawo ruwa sosai ba. Auta ta ce ai ita ta gama haihuwa. Na yi dariya har likita ta harare ni.

Aka yi aiki, ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da ta warke ta shigo shagona tana tafiya kamar an zare mata ƙaya, ta jefa cikon kan kekena ta ce ga kayana nan. Ni ba na yar da soso. Na mayar da shi wurin soke allurai, ya yi mini shekara uku yana aiki.

Sai ga ciki. Sai ga 'ya mace, jawur da ita, mai hancin ubanta.

Auta ta shirya wa yarinyar nan kamar za a yi jarrabawa. Ta rantse ba za a maimaita ba: minti goma dama, minti goma hagu, ba daɗi ba ragi. Ta sa robar ɗaure gashi a hannu, tana sauya mata hannu don kada ta manta inda aka tsaya. Mijin aka naɗa mai riƙe waya, shi ke saita ƙararrawa. Matsalar ita ce na dama, tsohon gwani, yanzu sai ɗigo-ɗigo. Yarinya ta yi ta ja har ta gaji. In an kai ta hagu, wanda yayanta ya raina, sai ki ji tana haɗiya ƙwat-ƙwat, tana cikin daɗi waya ta yi ƙara, uwar ta zare ta. Kuka kuwa har maƙwabta.

Na yi magana. Ta ce in tsaya a kan ɗinkina. Na ɗauki jakata na tafi, na yi kwana biyar ban leƙa ba, ina taka keke ina masifa ni kaɗai. Amma ranar awo ni na raka ta asibiti, don haushi daban, 'yar ƙanwata daban.

Nas ta ɗora yarinya a sikeli, ta duba kati, ta sake ɗorawa. Ta ce sati biyu ke nan ba ta ƙaru ba. Kun san abin da Auta ta yi? Durƙusawa ta yi ta leƙa ƙafafun teburin, wai ko sikelin ne a karkace. Daidai yake. Ta daɗe a durƙushe kafin ta miƙe.

Da nas ta ji labarin minti goma da robar gashi, ba ta yi faɗa ba, ni na so ta yi. Ta ce a ci gaba da ba ta na dama, ko ɗigo ne yana da amfani, amma a bar ta a na hagu har sai ta saki da kanta. In sati ya zagayo ba ta ƙaru ba, za a haɗa mata da madara.

Auta ta tambaya a hankali, "Na hagun zai fi girma ke nan?"

Nas ta ce, "Zai iya."

Muka fito muka zauna a benci. Yarinya ta fara ƙananan kuka, Auta ta juya baya ga mutane ta sa ta a hagu. Can sai waya ta ɗauki ƙara cikin jaka, don mijin ya saita tun daga gida. Na ga hannunta ya motsa zai zare yarinyar, sai ya tsaya. Ta turo mini jakar da ƙafa.

"Yaya, kashe mini abin nan."

Na kashe. Yarinya ta sha, ta sha, har ta saki da kanta, nono na bin gefen bakinta, ta yi barci da hannu a buɗe. Tun da aka haife ta ban taɓa ganin ta ƙoshi ba sai ran nan. Auta tana kuka, ni ma na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan wata biyu ta shigo shagona da yarinyar, ta yi ɓul-ɓul, wuya har ninki uku. Auta ta tsaya tana kallon kan kekena, ta ce ashe abin nan yana nan. Na jawo cikon gabana. Na zare alluran ɗaya bayan ɗaya, na wanke shi, na mayar da maɓallan ɗaya gefen, don yanzu na dama ne ƙarami.

Ta maƙala ta tsaya gaban madubi. Ni kaina na ga ya ɗan karkace, na shirya jin ƙorafi. Ta kanne ido ɗaya, sai yarinya ta motsa. Ta ɓalle cikon ta cusa a jaka, ta zauna kan tulin yadin mutane ta ɗaga riga.

Har yau ba ta dawo da shi gyara ba. Ni ce dai na rasa wurin soke allurai.